Ofishin da ya nemo mini izinin gini a Kano

Masu tambayata wa ya bi mini takardun benen da nake ginawa a Hotoro, ga amsa. Wani ƙaramin ofishin zanen gine-gine ne a wajen titin Gidan Zoo, mutum uku ne a ciki: mai zane, injiniya, da wani saurayi mai zirga-zirga da fayil. Ni ɗan kwangila ne ƙarami, aikin kuwa shaguna ne a ƙasa, gida a sama.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su karɓi ko kwabo ba sai da suka ga takardun fili. Mai filin ya zo da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, yana ganin ta wadatar. Mai zanen ya ce masa, "Alhaji, wannan shaidar ciniki ce, hukuma kuma shaidar mallaka take nema." Gaskiya ya faɗa, domin tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 filayen birni a hannun gwamna suke. Su suka raka shi KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, aka duba fayil, aka tabbatar filin ba ya kan hanya ko magudanar ruwa.

Daga nan sai zane. A nan ne kuɗin da muka biya ya halatta. Taswirar ginin na ɗauke da hatimin mai zane mai rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta ƙasa, lissafin rodi da ginshiƙai kuma da hatimin injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, kuma sun nuna mini lambobin rajistar ba tare da na tambaya ba. Injiniyan ya kafe sai an gwada ƙasa tunda bene ne. Da sakamako ya fito ya faɗaɗa harsashi, ya sauya rodin ginshiƙai daga mai kaurin milimita 12 zuwa mai 16. Alhaji ya yi ta mitar tsada, ni kuwa na goyi bayan injiniya. Duk wanda ya ga benen da ya rufta a titin Beirut a 2022 ba zai yi jayayya a kan rodi ba.

Sun kuma janye shagunan baya daga bakin titi, abin da ya ci mana wuri amma ya sa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano mai ba da izinin gini, ba ta dawo da zanen ba. Kuɗin hukuma a banki muka biya da kanmu, rasit na hannuna. Sun gargaɗe ni kada in sauke ko bulo ɗaya kafin takardar amincewa ta fito, don kada a wayi gari a ga jan fenti a bango, ga leburori an riga an ɗauka.

Inda suka gaza: waya. Sai ka kira safe da yamma ba a ɗauka, dole ka tako da ƙafarka. Ladan aikinsu ma da baki aka faɗe shi, sai da na matsa aka rubuta mini dalla-dalla, kuma kuɗin gwajin ƙasa bai cikin lissafin farko. Wanda zai je ya nemi a rubuta masa komai tun ranar farko.

Duk da haka aikin da ke gabana na Mariri su zan kai wa. A ginin Hotoro sun yi alkawarin injiniyan zai zo ya duba rodi kafin a zuba kankaren bene, ya kuma zo.