Waƙa kafin ta yi kwalliya: sharhi kan akwatin Immersion na Pink Floyd

Wata uku ke nan da na sayi akwatin Immersion na kundin waƙoƙin The Dark Side of the Moon na ƙungiyar mawaƙan Birtaniya Pink Floyd. A 2011 aka fitar da akwatin, shi kuwa kundin tun 1973. Na hannu na samu, duk da haka aljihuna ya ji a jikinsa. Faifai shida ne a ciki, ga littattafan hotuna, ga tarkace irin su gyale da ƙwallayen gilashi da har yau suna nan cikin ledarsu. Ni dai faifai na shida nake nema, wanda aka zuba gwaje-gwajen farko na waƙoƙin a cikinsa.

Da daddare na saka shi, gida ya yi tsit. Gwajin waƙar "Money" na fara nema. Roger Waters, ɗan ƙungiyar da ya rubuta waƙar, ne shi kaɗai da jitarsa ta katako, murya a dishe, ga ƙarar tsabar kuɗi da ya naɗa da kansa a gida tana ta zagayowa. Bugun nan mai ƙirga bakwai yana nan daram tun ranar farko, amma babu kakakin Dick Parry, babu kukan jitar David Gilmour. Tamkar ka shiga gida kafin a yi masa yaɓe ne: tubali a tsaye, ɗakuna a fili, sai dai ba ka kwana ciki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haɗin sautin kundin na farko da injiniya Alan Parsons ya yi a situdiyon Abbey Road da ke Landan a 1972. Da aka zo "The Great Gig in the Sky" sai na tsinci kaina ina jiran muryar mawaƙiya Clare Torry, ita kuwa shiru, sai piyanon Richard Wright yana ta tafiyarsa. Ashe sai a Janairun 1973 ta shigo situdiyo, aka biya ta fam 30, kuma sai a 2005 aka sa sunanta cikin waɗanda suka tsara waƙar. Sau uku na maimaita, kowane karo ramin da ta bari na ƙara faɗi a kunnena.

Gwajin "Us and Them" da Wright ya kaɗa shi kaɗai yana da daɗi, amma sau biyu ya ishe ni.

Na so a ce sun haɗa da gajeruwar "Money" ta talla da aka raba wa gidajen rediyon Amurka a 1973, wadda aka datse zuwa kusan minti huɗu, aka kuma goge kalmar ashar daga ciki. Ba ta cikin akwatin.

Wanda bai haddace kundin asali na Maris 1973 ba, gara ya riƙe kuɗinsa, don ba zai gane abin da ya ɓace ba. Ni kam tun daren nan, idan Torry ta ɗaga murya sai na ajiye abin da ke hannuna.