Kilt ɗin da na saya a Aberdeen: yadi mai kyau, awo marar kyau

Yadin da aka ɗinka mini wannan kilt (tufar gargajiyar mazan Sukotland mai kama da siket) da shi ba shi da makusa, kuma da a kan yadi kaɗai zan yanke hukunci, da na ce kowa ya nufi shagon ya saya. Ulu ne mai nauyi, irin wanda suke kira mai oza 16, an zuba masa yadi 8 kamar yadda al'adar Sukotland ta tanada, ninkin bayansa kuma a jere yake ba wanda ya kauce wa layin zanen. Abin da ya ɓata mini rai shi ne awon da aka yi mini da kuma shawarar da aka ba ni a kansa, domin su ne suka sa tufar da na kashe wa ɗaruruwan fam ta kasa tsayawa a jikina a ranar da na saye ta dominta.

Abokin aikina ne ɗan birnin Aberdeen na Sukotland ya roƙe ni in shiga cikin abokan ango a bikinsa, na ga ya dace in mutunta shi da shigar mutanensa. Ni na ba da ɗinki, ƙanena da ke karatu a Glasgow kuwa haya ya ɗauka a wannan shago. Tun kafin ma'aikacin ya ɗauko tef na gaya masa yadda jikina yake: ina da tumbi, kuma faɗin cikina ya ɗara na mazaunaina. Ya ce wannan ba komai ba ne, ya zagaya tef ɗin a kan rigar sanyin da ke jikina ba tare da ya ce in cire ta ba, ya rubuta lambobinsa. Da na je karɓa na ɗaura, na ja maɗauran fata har ramin ƙarshe, amma hannuna yana shiga tsakanin kilt ɗin da cikina. Na nuna masa, sai ya ɗauko mini faffaɗan bel mai babban kai na ƙarfe ya ce shi ne maganin abin, na biya kuɗinsa daban.

A wajen ɗaurin aure da cin abinci ban ga matsala sosai ba, saboda yawanci a tsaye nake wuri ɗaya ko a zaune. Da dare aka fara rawar taron da suke kira ceilidh, aka jawo mu abokan ango cikin layi don wadda ake kira Strip the Willow, inda ake kama hannu ana juyi da sauri daga wannan mutum zuwa wancan. Ban kai tsakiyar layin ba na ji nauyin ulun yana ja ƙasa. Gaban kilt ɗin ya sulluɓe ya koma ƙarƙashin tumbina, farar rigata ta fito fili tsakaninsa da falmaran, jakar fatar da ake ratayawa a gaba, wato sporran, ta ƙara jan sa da sarƙarta, bakinsa na ƙasa ya rufe gwiwa har ya hau kan safa. Bel ɗin da aka ce shi ne magani ya tsaya a sama shi kaɗai yana matse mini ciki, tufar kuma ta zame ta bar shi. Ƙanena ne ya matso ya ce mini a hankali, “Yaya, ka fita ka gyara, yana sauka.” Na fita na gyara, na dawo, ya sake sauka. Sauran daren a kujera na ƙare shi da hannu ɗaya a ƙugu, kuma da ango ya zo da kansa ya kira ni hoton ƙarshe, a bayan mutane na tsaya. Mutumin da ya girmama ni ya sa ni cikin na kusa da shi ya cancanci abin da ya fi haka daga gare ni, wannan ne kuma abin da har yanzu yake ci mini rai.

Bayan biki wata dattijuwar tela, wadda ɗinkin kilt da hannu ne sana'arta, ta duba mini shi, kuma a wurinta na ji bayanin da ya kamata in ji a shago. Kilt ba a ƙugun wando yake zama ba, a daidai cibiya ko sama da ita kaɗan ake ɗaura shi, sannan ana ɗinke ninkin baya daga ƙugu zuwa mazaunai yana buɗewa a hankali, ta yadda tudun mazaunai da ƙashin kwatangwalo za su tare nauyin. Wanda cikinsa ya kai ko ya fi mazaunansa faɗi ba shi da wannan matokari, don haka ɗaura masa ulu mai kusan kilo 2 kamar ɗaura igiya ne a bayan ƙwarya. Ta ce faffaɗan bel ado ne kawai, ba a ma saba sa shi tare da falmaran ba, madaukan da ke bayan kilt kuwa don igiyar sporran aka yi su. Fil ɗin da ake maƙalawa a gaba shi ma nauyi yake ba shafin waje don kada iska ta ɗaga shi, ba ya riƙe komai.

Gyaran da ta yi bai ɗauki lokaci ba. Ta matsar da ƙarafan maɗauran baya da kusan inci 2, ta ɗinka maɓallai 6 a cikin bakin ƙugu, ta ce in sa igiyoyin kafaɗa irin waɗanda ake riƙe wando da su, falmaran zai ɓoye su. Ta hana ni masu kama tufa da haƙoran ƙarfe, domin suna cin ulu kuma suna suɓucewa idan nauyi ya yi yawa. Tun daga nan na sa shi a taron daren Burns na 25 ga Janairu, wanda ake yi don tunawa da mawaƙin Sukotland Robert Burns, na yi tafiya, na hau bene, na zauna na tashi, bai motsa ba.

Ƙanena siriri ne, jikinsa a miƙe daga ƙirji har cinya, shi ma na hayarsa ya riƙa zamewa duk da bai kai nawa ba, ramukan maɗaurin ne suka ƙare masa, kuma ƙarin rami ɗaya ko ƙaramin awo ya ishe shi. Wani abokin angon mai wasan rugby, mai ƙaramin ƙugu da manyan cinyoyi, nasa bai sauka ko kaɗan ba, sai dai ninkin baya ya buɗe saboda an yi awon da ƙugu aka manta da mazaunai. Mu uku, jiki iri uku, ma'aikaci ɗaya ya sallame mu da hanya ɗaya.

Da na ga kilt ɗin ya zauna daidai bayan gyara, zuciyata ta yi sanyi har na yi niyyar yaba shagon saboda ingancin ɗinkinsu. Na koma ne kawai in nemi su karɓi bel ɗin su kuma biya kuɗin gyaran, tun da awonsu ne ya jawo shi. Aka ce mini kayan da aka ɗinka da awon mutum ba a mayar da kuɗinsu, bel kuma an riga an yi amfani da shi, sannan aka ƙara da cewa wataƙila ramewa na yi tsakanin awo da biki. Wannan maganar ta fi zamewar kilt ɗin ƙona mini rai, domin na faɗi siffar jikina da bakina tun ranar farko, na kuma nuna sararin da ke ƙugun a gaban madubinsu kafin in biya. Sun yi mini tayin ragi a sayayya ta gaba, ban karɓa ba. Ƙanena zai buƙaci kilt a bikin kammala karatunsa, kuma na riga na gaya masa ya nemi wurin da za a auna shi a kan riga mara kauri, a auna ƙugu da mazaunai da tsawo daban-daban, ya yi tsalle ya durƙusa a cikin shagon kafin ya fitar da kuɗi.