Rakmaninof da fiyano biyu: jeri na farko ko na biyu?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga Rakmaninof, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, ya bar jerin kiɗa guda biyu da ake kaɗawa da fiyano biyu, kana tambayar wanne za ka fara saurara. Ni dai na ce ka fara da na biyu.

Shekara takwas ce kawai tsakaninsu, amma sai ka rantse ba mutum ɗaya ya tsara su ba. Na farkon, mai lamba 5 cikin ayyukansa, ya rubuta shi a 1893 yana ɗan shekara 20, bai daɗe da gama makarantar kiɗa ta Mosko ba. Ya sadaukar da shi ga Caikofski, babban mai tsara kiɗa na Rasha, sai dai Caikofski ya mutu makonni kaɗan kafin a kaɗa shi a bainar jama'a. Kashi huɗu ne, kowanne an jingina shi da baitocin wani mawaƙi: waƙar cikin kwalekwale daga Lermontof, dare da soyayya daga Bairon na Ingila, hawaye daga Tyutcef, bikin Ista daga Homyakof. Zane yake yi da sauti. Sau da yawa fiyano ɗaya ne ke riƙe da karin, ɗayan yana ta zuba masa ado, ko motsin ruwa, ko kukan tsuntsu, ko ƙararrawa.

Kashi na uku, na hawaye, shi ne zuciyar wannan jerin. Sautuka huɗu ne kacal masu gangarowa, ana ta maimaita su, nauyinsu yana ƙaruwa a hankali har su rikiɗe su koma tafiyar masu rakiyar gawa. Daga ƙararrawar cocin Sofiya ta birnin Nobgorod na Rasha ya samo su, wadda ya saba ji tun yana yaro. Na huɗun kuwa ƙararrawa ce tsagwaronta, ana ta dukan abu ɗaya da ƙarfi. Akwai masu sonsa, ni kam yana gajiyar da kunnena kafin ya ƙare, ga shi ma ba tsawo ne da shi ba.

Na biyun, mai lamba 17, ya kammala shi a 1901, bayan ya sha wuya. A 1897 aka kaɗa babban kiɗansa na farko na cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a San Fitasbag, abin ya watse, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Ya yi kusan shekara uku bai rubuta abin kirki ba, sai da ya yi jinya wurin likita Nikolai Dal a 1900. Wannan jeri yana cikin abubuwan farko da ya fitar bayan ya farfaɗo. Babu baiti ko ɗaya a nan: buɗewa mai takun maci, rawar wals, kiɗan soyayya mai taushi, sai tarantela, rawar kudancin Italiya.

Abin da ya sa na fifita shi gare ka shi ne, a nan ne za ka gane dalilin ajiye fiyano biyu. Babu ubangida babu bara. Ɗaya ya ɗauko kari, ɗayan ya fizge ya ƙarasa, kamar makaɗan kalangu biyu da suka san hannun juna. A wals ɗin gudu suke yi kafaɗa da kafaɗa, sai can a tsakiya wani faffaɗan kari ya taso daga ƙarƙashin gudun, ka rasa hannun wa ya fito. Rakmaninof da ɗan'uwansa Siloti suka fara kaɗa shi a Mosko. A 1942 ma ya kaɗa shi tare da shahararren makaɗin fiyano Horowiz a gidansa na Kalifoniya, kuma abin takaici babu wanda ya naɗa.

Sa abin ji a kunnuwa biyu, don yawanci ana raba fiyanon, ɗaya hagu ɗaya dama. Makaɗan fiyano Ashkenazi da Prebin sun naɗi duka jerin biyu. A na biyun kuwa nemi na Marta Argerich da Nelson Freire, suna da wuta. In wals ɗin ya kama ka, Arenski, malamin Rakmaninof a Mosko, yana da nasa a jerinsa mai lamba 15, ya fi sauƙi da fara'a.