Tabarau na Kariya: Wanne Ya Dace da Aikinka?

Baƙin tabarau na gayu da ake tallarsa a bakin titi ba na walda ba ne, ko da yake shi za ka fi gani a fuskar yaran shago. Duhunsa kan sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa, in kuwa ba a yi shi don tare hasken UV ba, wato hasken da ba a gani amma yake ƙona ido, hasken walda ya samu ƙofa ke nan. Ciwon ba ya zuwa nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, tsakar dare, yaro ya farka yana hawaye, ido ya yi jawur kamar an watsa masa yashi.

Mai waldar lantarki garkuwar fuska yake buƙata, mai lambar duhu 10 zuwa 13 gwargwadon ƙarfin wutar. Ta riƙewa a hannu ta fi araha, amma tana cinye hannu guda, shi ya sa ake jefar da ita gefe a ce "ɗan ɗigo ne kawai". Wadda ke yin duhu da kanta da zarar wuta ta tashi ta fi tsada, sai dai tana zaune a kai, hannu biyu kuma suna kan aiki. In da hali ita nake ba da shawarar a saya, a kuma gwada ta kafin a biya kuɗi. Tabarau mai lamba 5 kuwa na waldar gas ne, kada a kusanci ta lantarki da shi.

Ga mai gurzar ƙarfe, kafinta da mai fasa dutse, tartsatsi da ɓarɓashi ne abin tsoro. Nemi farin tabarau na robar polycarbonate mai kariya ta gefe, domin ɓarɓashi kan shigo ta kusurwar ido. Juya hannun tabaran ka duba: Z87+ ma'aunin Amurka ne, EN 166 na Turai. In babu ko ɗaya, ajiye shi.

Mai feshin maganin ƙwari a gona, wanda ke manne wa fuska da roba zai saya, marar ramuka a buɗe. Shi ne kuma ke wa ɗan acaba maganin ƙurar hunturu.

Oga, in ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen rodi, ƙirga da garkuwar yaron da ke riƙe maka ƙarfe, don hasken da ke dukanka yana dukansa. Haɗa da farin gilashin gaban garkuwa na canji, saboda tartsatsi na saurin cinye shi, kuma da zarar ya dusashe yaro zai ɗaga garkuwar don ya ga aiki.