Diode ko Nd:YAG? Amsa ga mai tambaya kan cire gashi da leza a Indiya

'Yar'uwa na ga tambayarki, kin ce kina karatu a Hyderabad kuma abokiyar zamanki Ba'indiya ce mai launin fata wankan tarwaɗa, gashi ya dame ta a haɓa da hammata da ƙafa, gashin kuma baƙi ne wuluk mai kauri, ta zaga wurare uku wani ya ce diode, wani ya ce Nd:YAG, na ukun ya ce IPL ya fi araha, kuma ke ma kin fara sha'awar yi. To bari in faɗa miki yadda abin yake.

Duk na'urorin nan abu ɗaya suke nema, wato melanin, sinadarin da ke sa gashi da fata su yi duhu. Hasken yana shiga, melanin ɗin gashi ya zuƙe shi ya koma zafi, zafin ya bi ya ƙona tushen gashin a can ƙasa. Kamar dai baƙin mayafi da fari a cikin rana, kin san wanda zai fara ɗaukar zafi. Matsalar ita ce hasken bai san wannan melanin na gashi ne wancan na fata ne ba, duk wanda ya tarar zai kama. Ga Baturiya fara fat mai baƙin gashi ba wata damuwa, amma mai duhun fata, fatar da gashin rige-rige suke yi wajen shan hasken, nan ne ake samun ƙuna da baƙin tabo. Likitocin fata suna da ma'auni na Fitzpatrick, wani likitan Amurka ne ya fito da shi a 1975, ma'aunin ya raba fata gida shida, daga 1 mafi haske zuwa 6 mafi duhu. Yawancin Indiyawa suna faɗawa 4 da 5, mu kuma galibi 5 da 6.

Abin da ya bambanta na'urorin shi ne tsawon zangon haskensu, ana auna shi da nanomita. Wata leza da ake kira Alexandrite 755 ce, diode wajen 800 zuwa 810, Nd:YAG kuma 1064. Dokar mai sauƙi ce, in lambar ta yi sama hasken ya fi nitsewa cikin fata kuma melanin bai cika zuƙarsa da zafi-zafi ba, saman fata ya fi tsira kenan.

Alexandrite dai ki ajiye ta gefe. Tana aiki sosai, amma don fararen fata ta fi dacewa, sai dai ko ga Ba'indiyar da take fara sol irin wasu 'yan arewacin ƙasar, kuma a hannun wanda ya san aikinsa. IPL kuwa ba ma leza ba ce, fitila ce mai watsa haske iri-iri a lokaci ɗaya daga wajen 500 har zuwa 1200, ana sa mata matata a rage wasu. A fata mai duhu ita ce ta fi saurin barin tabo, kuma ita ce ƙananan shagunan gyaran jiki suka fi ajiyewa su rubuta leza a allo. Ƙananan na'urorin da ake sayarwa a intanet na amfani a gida yawancinsu IPL ne, ki duba kwalin za ki ga hoton launukan fata, an soke masu duhun. Arahar nan tata wallahi ba ta kai kuɗin maganin tabo ba.

Saura biyu, kuma a nan ne ainihin zaɓin yake.

Diode ita ce ta cika asibitocin fata a Indiya, kuma ba banza ba. Tana tsakiya, tana kama gashi da kyau, har wanda bai kai kauri sosai ba, tana da sauri a wuri mai faɗi kamar ƙafa da baya. Ga fata mai lamba 4 tana yin aiki lafiya lau, har 5 ma in an tsawaita lokacin bugun, wato daɗewar kowane harbin haske a kan fata, kuma an sanyaya fatar yadda ya kamata. Za ki ji sunaye kamar LightSheer na kamfanin Lumenis da Soprano na kamfanin Alma. Soprano ɗin ita ce ake tallatawa da cewa ba ta da raɗaɗi, saboda maimakon bugu ɗaya mai ƙarfi, ana shafa jel a riƙa goga kan na'urar ana kai da komo, zafin yana taruwa a hankali. Gaskiya ta fi daɗin sha'ani, amma sakamakon ya dogara da haƙurin mai gogawar, in ta yi sauri-sauri don layi ya yi tsawo to an shafa ne kawai.

Nd:YAG mai dogon bugu ita ce ta fi kowacce aminci ga fata mai duhu, lamba 5 da 6. Aibinta biyu ne. Na farko ta fi zafi, za ki ji kamar an ɗana roba an sakar miki, musamman a hammata da gaba. Na biyu da yake melanin bai cika shan haskenta ba, siririn gashi mai laushi yakan kuɓuce mata. To amma ki lura da abin da kika ce, gashin ƙawarki baƙi ne mai kauri. Wannan shi ne ainihin abincin Nd:YAG. Gashi mai kauri yana da melanin da yawa kuma yana riƙe zafi ya daɗe bai huce ba, shi ya sa ake iya ba shi dogon bugu, saman fata ya samu damar hucewa shi kuwa tushen yana ci gaba da dahuwa. Kaurin da take ganin shi ne masifarta, a wajen leza shi ne sa'arta.

Ni a ganina kuskuren da ake yi shi ne a zaɓi na'ura ɗaya wa jiki gaba ɗaya. Jikin mutum ba launi ɗaya ba ne. Hammata da gaba da tsakanin cinya sun fi sauran wurare duhu kusan a kowa, kuma nan ne gashi ya fi kauri, to can Nd:YAG. Ƙafa da hannu in fatarta lamba 4 ce kuma rana ba ta dafa ta ba, diode ta isa. Shi ya sa wurin da ke da duka biyun ya fi, ko na'ura irin GentleMax Pro ta Candela mai 755 da 1064 a jiki ɗaya, sai dai a tabbatar a kan 1064 aka saita. Akwai kuma masu haɗa zango uku a bugu ɗaya, ana cika baki da su sosai a talla, ki tuna dai a cikin ukun nan akwai 755 ɗin da muka ce a yi hattara da ita.

Fuska kuma sai an yi a hankali. Akwai wani abu da ke faruwa da wasu, maimakon gashi ya ragu sai ya ƙaru, siririn gashin kumatu da wuya ya koma mai kauri. An fi ganinsa a mutanen kudancin Asiya da Gabas ta Tsakiya da yankin Bahar Rum, kuma an fi danganta shi da bugu mara ƙarfi a kan gashi mai laushi. Don haka a taɓa masu kaurin haɓa da gashin baki kaɗai, kar ta yarda a ce bari a share mata fuskar duka tunda an yi mata ragi. Sannan mace mai gashi mai kauri a haɓa, musamman in al'adarta tana rikicewa ko kuraje sun dame ta, ta fara ganin likita a duba PCOS, matsalar homon ɗin nan da ta yi yawa a mata. In ita ce, leza za ta rage amma sabo zai riƙa tsirowa sai an haɗa da magani.

Kar kuma a yaudare ta da cewa gashin zai tafi har abada. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ma abin da ta amince a ce shi ne raguwa mai ɗorewa. Leza tana kama gashin da ke cikin lokacin tsirowarsa ne kaɗai, sauran suna barci, shi ya sa ake komawa sau 6 zuwa 8 ko fiye, tazarar sati 4 zuwa 6 a fuska, jiki kuma 6 zuwa 8, daga baya a riƙa leƙawa jefi-jefi. Furfura kuwa ko gezau, babu melanin a cikinta, sai dai cirewa da allurar lantarki.

Kin san matan Indiya da cire gashi da zare, kowane lungu akwai mai yi, mu kuma da halawa. To duk wannan ta daina aƙalla sati 4 kafin a fara, da tsakanin zama da zama, har da tsiga da matsefata, domin in an tumɓuke tushen me hasken zai kama? Reza kawai, kwana ɗaya kafin ranar. Man rina gashin fuska da suke shafawa ya koma ruwan gwal shi ma ta bari. In tana shafa man ƙara haske ko tana shan isotretinoin na kuraje ta faɗa wa likita kar ta ɓoye, mai ciki kuma yawanci cewa ake ta jira ta haihu. Bayan an yi, man kariya daga rana dole ne, ranar Hyderabad kin fi ni saninta.

Da ta shiga wuri ta tambayi sunan na'urar da lambar zangonta, ta tambayi yadda ake sanyaya fata, ko feshi mai sanyi ko kan na'ura mai sanyi ko iska, kuma ta ce a gwada ɗan wuri kaɗan a jira kwana biyu zuwa uku a gani, don duhun fata wani lokaci ba ya nuna ƙuna nan take. Likitan fata na gaske, mai shaidar ƙwarewa ta MD ko DDVL a fannin fata, ya fara duba ta ko da ma'aikaciya ce za ta riƙe na'urar, kuma a ba ta tabarau na kare ido. In suka fara kame-kame a kan sunan na'ura ta ɗauki jakarta ta fita.

Ke kuma da kika ce kina sha'awa, in fatarki irin tamu ce kar ki bi ta kan abin da aka yi wa ƙawarki ya yi kyau, ki nemi Nd:YAG 1064 kai tsaye, ki tambaye su ko sun saba yi wa 'yan Afirka, kuma kina da damar cewa mace kike so ta yi miki, yawancin wuraren suna da su.