Farin man farafin na kemis: yadda yake yi wa wuƙa da adda maganin tsatsa a daminar Kano

Damina biyu ke nan ina shafa wa wuƙaƙen yanka da fiɗa da adda ɗaya wannan farin man da ake sayarwa a kemis, wanda aka rubuta Liquid Paraffin BP a jikin kwalbarsa. Asalinsa maganin taurin bayan gida ne, shi ya sa ba a fargabar ya taɓa nama. Ba shi da launi, ba ƙamshi, ba ɗanɗano. Kada sunan ya ruɗi mutum, domin Turawan Ingila suna kiran kananzir ma farafin, kuma kananzir ba ya kusantar wuƙar abinci. Man jarirai ma danginsa ne, sai dai an zuba masa turare, don haka a bar shi.

Hukuncina a taƙaice: ga wuƙar da ake aiki da ita kullum, ban sami kamarsa ba. Ga wadda za a ajiye daga wannan Babbar Sallah zuwa ta baɗi kuwa, shi kaɗai bai isa ba.

Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Gishiri da tsami su ne masu gaggauta ta, wato jini, gumin hannu, lemun tsami, tumatir, albasa. Wuƙar da ba ta tsatsa da sauri, irin mai ƙyalli ta kanti, tana da sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ke yi mata rigar kariya. Wuƙar maƙera da ake ƙerawa da sifirin na mota kuwa, kuromiyom ɗinta yawanci bai kai kashi 1 ba. Ta fi saurin ɗaukar kaifi a dutse, mahauta sun san wannan, amma a watan Agusta idan aka bar ta da laima dare ɗaya, da safe za a tarar da ja ya feso mata. Aikin man shi ne ya shiga tsakanin ƙarfen da iskar, ba wani abu ba.

A nan ne yawancin mutane suke ɓata aikin, sai su ɗora laifin a kan mai. Idan aka shafa shi a kan wuƙar da ba ta gama bushewa ba, ruwan ne ake rufewa a ƙarƙashi. A wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi da zarar an gama aiki, a goge da busasshen tsumma, a bi da farce cikin tsumman ta wurin da ruwan wuƙa ya shiga ƙota, don nan ne jini da kitse ke maƙalewa, nan ne kuma tsatsa ke fara ci ba a gani. A bar ta a rana ko kusa da murhu kamar minti goma, ta yi ɗumi kawai, ba a sa ta cikin wuta ba, don wuta tana kashe taurin bakin wuƙa. Sannan ɗigo biyu zuwa uku a kowane gefe ga wuƙa mai tsawon taƙi ɗaya, adda kuma ɗigo shida zuwa takwas. A murza da tsumma daga gadon wuƙar zuwa kaifi, yatsa yana bayan kaifin. A ƙarshe a sake gogewa har sai ƙyalli kaɗai ya rage. Idan ana ganin man yana gangara, ya yi yawa, kuma da hunturu ƙura ce za ta like masa. A wannan ma'auni kwalbar mililita 100 tana daɗewa har mutum ya manta lokacin da ya saye ta.

Abin da ya sa ya fi man gyaɗa da manja: waɗannan biyun suna lalacewa da iska. Bayan 'yan makonni man gyaɗa yakan koma danƙo mai ɗoyi a jikin ƙarfe, sai an kankare. Farin man farafin daga ɗanyen man fetur aka tace shi, ba ya yin haka. Baƙin man inji yana hana tsatsa, ba musu, amma a bar shi ga gatari da fartanya. Haka man feshi na gwangwani da makanikai ke kwance kusoshi da shi, ba a yi shi don abin da zai yanka nama ba.

Raunin farin man farafin shi ne rashin kauri. Kube yana shanye shi, yankan ciyawa ko itace sau kaɗan yana share shi daga adda. Daga Yuni zuwa Satumba dole a sake shafawa bayan kowane aiki, wadda ba a taɓa ba kuma a duba ta duk mako biyu. Da hunturu sau ɗaya a wata ya wadatar.

Don ajiya mai tsawo, haɗi da kakin zuma ne ke cike giɓin. Kaki kashi 1, mai kashi 4. A zuba su cikin gwangwani mai tsabta, a tsoma gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, ba kai tsaye a kan wuta ba, don haɗin yana iya kama wuta. Kakin yana narkewa a wajen digiri 63, saboda haka zafin Afrilu ba zai sa ya zube daga jikin wuƙa ba. Idan ya huce yakan yi kauri kamar man kaɗe. Lakuta ɗaya ta isa wuƙa, ƙotar itace ma tana son sa, yana rage mata tsagewa.

Sai batun kube, wanda mutane ba sa son ji. Kuben fata na dukawa yana da kyau a ɗamara, amma ba wurin kwanan wuƙa ba ne da damina. Fata tana shan danshi ta riƙe, kuma wadda aka jeme da bagaruwa tana da sinadarin da ke baƙanta ƙarfe idan laima ta haɗa su. A naɗe wuƙar a takarda mai ɗan maiƙo, a ajiye kuben daban, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi cikin akwatin.

Man ba ya cire tsatsar da ta riga ta kama. Jan da ke sama-sama, toka mai laushi da ɗan ruwa ko soson ƙarfe mai laushi yana fitar da shi. Wanda ya fara rami sai samfefa mai lamba 600, a bi da 1000, ana shafa ɗigon mai ana gogawa ta fuska ɗaya. Amma launin toka-toka ko baƙi-baƙi da tsohuwar wuƙar maƙera ke yi, wanda ba ya kama tsumma idan an goga, a ƙyale shi. Wannan ba ya cin ƙarfe, yana ma ɗan tare jan, kuma man ya fi zama a kansa fiye da kan ƙarfen da aka goge tas.