Balin ko Wittenberg: ina ya kamata mai son tarihin Jamusawa ya fara?

Mutane sun dame ni da tambayar nan, musamman ɗalibai masu ɗan hutu da ƙaramin aljihu, to ga yadda nake gani.

Ta fannin kuɗi masauki a Balin akwai tsada gaskiya, amma manyan wuraren tarihin kyauta ne: ragowar katangar da ta raba birnin daga 1961 zuwa 1989, wurin tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe, har rufin gilashin majalisar dokoki, sai dai shi sai ka yi rajista tun da wuri. Wittenberg kuwa ƙaramin gari ne, a jirgin ƙasa mai gudu bai kai awa ɗaya daga Balin ba, yini guda ka zagaye shi da ƙafa.

Can ne Martin Luther, wani malamin Kirista Bajamushe, ya fito da hujjojinsa 95 a 1517 yana sukar yadda coci ke sayar da takardun yafe zunubi, rigimar da ta raba Kiristocin Yammacin Turai gida biyu, kabarinsa ma yana cikin cocin fadar garin. Amma kar ka sa rai da ainihin ƙofar cocin da ake cewa a jikinta ya manna takardar hujjojin, ta ƙone a 1760, ta tagulla ce a wurin yanzu.

Masallaci da abincin halal Balin ta fi sauƙi nesa ba kusa ba saboda yawan Turkawan da ke zaune a can, sai dai a kula da 'yan sane a cunkoso.

Mai bibiyar siyasa, Hitler da yaƙin cacar baka, Balin ce tasa. Wanda tarihin addini ya fi ja kuma ba ya son hayaniya, ya nufi Wittenberg.